Dambu a Ƙasa, Tuwo a Sama: Lacca Kan Zaftarewar Dusar Ƙanƙara a Tsaunuka



Ina shigowa ɗazu wani abokina ya tare ni a bakin ƙofa yana dariya, ya ce, "Malam, mu da ko ƙanƙarar firiji sai an kawo wuta muke ganinta, ina ruwanmu da ta kan tsauni?" Na ce masa ya samu kujera tukuna. Yana da gaskiyarsa, don ba wanda dusar ƙanƙara za ta rufta wa a Dala ko Gwauron Dutse. Sai dai 'ya'yanmu na karatu a Turkiyya da Rasha da Kanada da ƙasashen Turai, kuma duk wanda ya yi hunturu ɗaya a can ya san ranar da abokai za su ce masa ya zo a je tsauni a sha iska. Ko ba wannan ba ma, abin yana da daɗin sani.

Mu fara raba sunaye. Ƙanƙarar da muka sani ita ce mai zubowa da ruwan damina, tauri gare ta kamar tsakuwa, ta fasa kwano ta kwantar da dawa. Dusar ƙanƙara daban take. Tana saukowa a hankali kamar audugar rimi, kuma wanda ya raɗa mata suna dusa ya iya kallo, domin sabuwarta kusan kashi tara cikin goma iska ce zalla. Idan ta taru a jikin tsauni ta ɓalle ta gangaro gaba ɗaya, shi muke kira zaftarewa, kamar yadda gaɓar kogi ke zaftarewa.

Ni dai ban gane abin ba sai da na sa hannuna a ciki. Wani hunturu ne a jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya, na bi wani dattijo ɗan jagora, irin waɗanda sana'arsu ke nan, shiga da baƙi cikin tsaunukan da ba hanya ba gida. Mun yi kusan awa biyu muna hawa, sai ya tsaya a wani ɗan gangare, ya zaro shebur daga jaka ya hau haƙa. Ya haƙa har ya cim ma ƙasa, ramin ya kai min ƙirji, sannan ya share bangonsa ya yi sumul kamar magini ya gama yaɓe. Ya ce in cire safar hannu in taɓa.

Daga sama, dunƙulen hannuna ya shige salin alin. Na sauko kamar taƙi biyu, yatsa ɗaya ne ya shiga, shi ma da ƙyar. Ƙasa da nan sai da ya miƙo min fensir. Na ce a raina, to, ai ke nan ƙasan dutse ne. Ina kai hannu can gindi, sai hannun ya faɗa, wasu 'yan ƙwayoyi suka zubo min a tafi suna warwatsewa kamar sukari. Ya ce in dunƙula. Na matse, na sake matsewa, ina buɗe hannu suka watse.

Sai ya yanko wani ginshiƙi a jikin bangon, faɗinsa santimita 30 ta kowane gefe, ya ɗora bakin shebur a kansa ya fara bubbugawa. Haka ƙa'idar gwajin take: bugu goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. Bai kai ga na kafaɗa ba ginshiƙin ya karye daga gindi, ya sulalo gaba ɗaya, karayar a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Tun ranar nake kiran abin dambu a ƙasa, tuwo a sama. Ku ɗauki malmalar tuwo ku ɗora a kan dambu a cikin faranti, ku karkata farantin. Ba tuwon ne zai farfashe ba. Dambun ne zai gaza riƙe shi.

Daga ina dambun yake zuwa? A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne asalin maganar. Ƙasar da dusa ta lulluɓe ba ta cika yin sanyi sosai ba, tana nan kusa da sifiri a ma'aunin Salsiyos. Amma saman dusar, cikin dare mai garau, yana iya kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifiri. Tururi kuwa daga ɗumi yake tashi ya nufi sanyi. Yana ratsa dusar yana barin wannan ƙwaya yana daskarewa a jikin ta sama da ita, har ƙwayoyin su girma, su yi kusurwa-kusurwa, su daina kama juna. Masana sun ce da zarar bambancin ya kai digiri ɗaya a kowane santimita goma, aikin ya kankama. Ku lura da abin da wannan lissafi ke nufi: dusa 'yar kaɗan ta farkon hunturu, wadda sanyi ya daɗe yana duka, ita ta fi saurin zama dambu. Shekarar da dusa ta yi ƙaranci ba shekarar kwanciyar hankali ba ce. Shi ya sa jihar Kolorado, mai busasshen sanyi da siririyar dusa, ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda zaftarewa ta kashe.

Akwai kuma wani dambun da ke tsirowa a sama. Daren da ba gajimare ba iska, raɓa kan daskare a kan dusar ta yi wasu 'yan gashi masu ƙyalli kamar gashin tsuntsu. Da safe in rana ta haska su, ba ka son ɗauke ido. Kwana biyu sai sabuwar dusa ta sauka ta binne su a tsaye. Suna nan a ciki mako uku, mako shida, ba mai ganinsu. Mutum ya zo a watan Fabrairu, sama garau, tsauni fari fat, bai san cewa wani dare na watan Janairu yana kwance a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Dusa riƙo gare ta, ba ta mance abin da yanayi ya yi mata.

Tuwon kuma, yawanci iska ke tuƙa shi. Mutanen tsaunukan Alps na Turai kan ce iska ce maginin zaftarewa. Duk wanda ya ga yadda iskar hunturu ke kwaso rairayi ta jibge a bayan katanga ya san yadda abin yake: ta share gefen da take bugawa, ta tara a gefen da ke fake. Haka take yi da dusa, kuma tana niƙe ƙwayoyin su haɗe su zama daɓe guda. Tana iya tara dusa a gangare ɗaya da saurin da ya ninka na saukarta daga sama sau da yawa, ko da ranar ba a yi dusa ba ko ɗigo.

Saura karkata. Mafi yawan zaftarewar da ke kisa tana tashi ne a gangaren da ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma ta fi son wajejen 38. Matakalar bene ta gidajenmu ba ta da nisa da digiri 30, don ku kwatanta. Ƙasa da haka daɓen ba ya cika sulalowa, sama da haka sosai dusar ba ta samun zama ta taru. Abin takaicin shi ne, wannan tsakiyar ita ce mafi daɗi ga masu wasan zamiya a kan dusa. A ƙasashen arewacin duniya, gangaren da ke kallon arewa, wanda rana ba ta cika leƙawa ba, shi ke ajiye dusa mai laushi, shi kuma ke ajiye dambu.

Ku manta da abin da kuke gani a fim, wai an yi ihu tsauni ya zubo. Muryar mutum ba ta da wannan nauyi. Nauyin jikinsa ne ke da shi. Ya taka wurin da tuwon ya yi siriri, dambun da ke ƙasa ya burma, sai ka ji wata ƙara a cikin dusar, wuf, kamar an zauna a kan katifa mai iska. Burmawar tana gudu ta ƙarƙashi, wani lokaci mita ɗari ko fiye, har ta kai inda gangaren ya isa, daɓen ya tsage daga sama. Mutum na iya tsayawa a shimfiɗaɗɗen wuri ya sako tsaunin da ke bisa kansa. Cikin 'yan daƙiƙu abin ya wuce gudun kilomita 100 a awa.

Mutanen Alps ba jiya suka san wannan ba. Tun shekarar 1397 mutanen Andermatt a ƙasar Siwizalan suka rubuta dokar hana sare dajin da ke bisa ƙauyensu, domin itatuwan ne ke riƙe dusar. A 1936 aka fara binciken dusa a tsaunin Weissfluhjoch da ke bisa garin Davos, wanda ya zama cibiyar da ake kira SLF. Hunturun 1950 zuwa 1951 ya ci fiye da mutum 260 a tsaunukan Alps, daga nan aka duƙufa kafa shingayen ƙarfe a jikin tsaunuka da zana taswirar wuraren da aka hana gini.

Duk da haka sai ga Galtür. Ƙauye ne a kwarin Paznaun na jihar Tirol, mai karɓar baƙi 'yan zamiya. Daga ƙarshen Janairun 1999 guguwa ta yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, dusa ta sauka kusan mita huɗu, iska na kwasa tana jibgewa a tsaunin da ke bisa ƙauyen. Abin da ya sa ta yi muni shi ne ta daɗe ba ta zubo ba. Da ta riƙa zubowa kaɗan-kaɗan, da sauƙi. Ranar 23 ga Fabrairu, wajen ƙarfe huɗu na yamma, ta ɓalle gaba ɗaya, gudunta ya kusa kilomita 300 a awa, ba ta cika minti ɗaya ba ta isa cikin gari. Mutum 31 suka rasu, kuma a unguwar da taswira ta ce ba haɗari. Hanya a toshe, jirage masu saukar ungulu sun kasa tashi saboda guguwa, mutanen gari da baƙinsu ne suka kwana suna haƙa. Washegari wata ta faɗa wa Valzur, maƙwabcin ƙauyen, ta ci mutum bakwai. A cikin watan nan dai an rasa mutum 12 a Montroc kusa da Chamonix a Faransa, da wasu 12 a Evolène ta Siwizalan. Yau in ka je Galtür za ka tarar da katanga mai tsawon mita 345 tana tare gari, an gina gidan tarihi a jikinta.

Na kawo Galtür ne don ku ga girman abin, amma irinta ba ita ce ta yau da kullum ba. Shingaye da taswira da rufe hanyoyi sun yi aiki, mutuwar cikin gida ta ragu ƙwarai a Turai. Kimanin mutum ɗari ke rasuwa a tsaunukan Alps duk shekara, kuma galibinsu da ƙafarsu suka je: 'yan zamiya da suka bar filayen da ake kula da su suka shiga dajin tsauni, da masu hawa. A cikin irin waɗannan, kusan tara cikin goma, wanda abin ya ci ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar. Tsaunin yana zaman zamansa aka je aka taka shi.

To me ke kai mai hankali? Ba jahilci ba ne, wannan shi ne abin da ya fi ɗaure min kai. Ranar 19 ga Fabrairun 2012, mutum 16 suka fita bayan filin zamiya na Stevens Pass a jihar Washington ta Amurka, suka nufi wani gangare da ake kira Tunnel Creek. Gwanaye ne, wasunsu da zamiya suke ci. Sabuwar dusa mai yawa ta sauka a kan shimfiɗa mai rauni, kuma an yi gargaɗi. Mutum uku suka rasu. Wata mace ta tsira saboda jakar iska da ke bayanta, wadda ake ja ta kumbura ta hana mutum nutsewa. Da ɗan jarida John Branch na New York Times ya bi waɗanda suka tsira ya ji ta bakinsu, sai ga shi da dama cikinsu hankalinsu bai kwanta ba tun a sama, amma ba wanda ya buɗe baki. Kowa na ganin wane ya fi shi sani, in da matsala ai da ya faɗa. Mu da muka tashi cikin kunya da kara, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Sau nawa muka zauna a mota direba na sheƙa gudu, kowa ya yi shiru yana jiran babba ya tanka?

Wani mai bincike Ba'amurke, Ian McCammon, ya bi bayanan ɗaruruwan haɗura a farkon shekarun 2000, ya ga tarkuna iri ɗaya suna ta maimaituwa: sabo da wuri, an riga an ƙudura niyya an taho daga nesa, son burge wani, fakewa a bayan gwani, ganin sawun wasu, da rige-rigen taka dusar da ba wanda ya taɓa. A ganina sabo ya fi sauran muni, kuma ga dalili. Ko a ranar haɗari, mafi yawan gangare ba sa zubowa. Mutum ya yi ganganci ya sauka lafiya, ya koma gida yana ganin gwanintarsa ce. Ya sake, ya sake, shekara goma. Mai koyon tuƙi in ya yi kuskure mota za ta gaya masa nan take. Dusa ba ta gyara wa ɗalibinta kuskure, shiru take yi masa, shi kuwa yana ɗaukar shirun a matsayin amsa.

Don haka aka fitar da ma'aunin haɗari, wanda ƙasashen Turai suka haɗu a kansa a 1993, mai hawa biyar, daga kore zuwa ja da baƙi. A Siwizalan cibiyar SLF na fitar da sanarwa sau biyu a rana cikin hunturu, safe da yamma, tana faɗin hawan da ake kai, da gefen tsaunin da matsalar take, da tsayin da ta fara. Kuna tsammanin a hawa na biyar aka fi mutuwa? A'a, ranar ba mai fita. Kusan rabin mace-macen a hawa na uku suke faruwa. Uku cikin biyar, sai mutum ya ce ai tsaka-tsaki ne, kamar sakamakon jarrabawa. Alhali ma'anarsa ita ce mutum ɗaya ya isa ya tayar da ita a gangare da yawa. Werner Munter, wani ɗan jagora na Siwizalan, ya shahara ne da koya wa mutane su daina dogara da jin jikinsu, su yi lissafi tun daga gida: hawa nawa aka sanar, digiri nawa ne gangaren, ina yake kallo, mu nawa ne. In lissafi bai fita ba, a sauya hanya.

Idan kuma ta riga ta faru, agogo ne ke mulki. Dusar da ta zaftaro, tana tsayawa take ƙanƙamewa, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa, bai ma san ina ne sama ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1994, daga bayanan Siwizalan, ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna da rai, amma zuwa minti 35 saura kamar kashi 30. Numfashi ke ƙarewa. Yarima Friso na ƙasar Holan, da dusa ta binne a Lech ta Ostiriya a Fabrairun 2012, ya yi kamar minti 25 a ciki. An tono shi, amma bai farfaɗo ba har ya rasu a Agustan 2013. Duk saurin jirgin ceto, da wuya ya riski wannan lokaci. Abokin tafiyarka shi ne ma'aikacin cetonka, shi ya sa ba a shiga dajin tsauni sai kowa na ɗauke da abu uku: na'urar da ke ɗaure a ƙirji tana aika sigina a kan kilohaz 457, wadda ake juyawa ta koma mai nema, doguwar sandar lalube mai haɗe-haɗe, da shebur na ƙarfe. Kar ku raina shebur ɗin. Tono wanda ke zurfin mita ɗaya na nufin kwashe dusar da ta kai tan guda ko fiye, kuma haƙar ta fi neman cin lokaci. Shi ya sa kuma ake ratsa gangare ɗaya bayan ɗaya, saura na tsaye a amintaccen wuri suna kallo, don in ta ɗauki ɗaya a samu masu tono.

Masu ceton ma ba su tsira ba. A farkon Fabrairun 2020, a gundumar Bahçesaray ta lardin Van a gabashin Turkiyya, zaftarewa ta rufe wata ƙaramar bas a kan hanya. Washegari ɗaruruwan sojoji da ma'aikata da mutanen ƙauye suna tsaka da tono sai ta biyu ta sauko musu. Fiye da mutum 40 suka rasu, mafi yawansu masu ceto. Allah Ya jiƙan musulmi. Gangaren da ya zubo sau ɗaya, sau da yawa akwai saura a sama.

Bari in koma wurin dattijona, don na bar shi tsaye a cikin rami. Da ginshiƙin nan ya sulalo, bai ce komai ba. Ya mayar da dusar cikin ramin, ya naɗe shebur, ya dubi gangaren da muka yi niyyar hawa, wani fili fari tas mai kallon arewa, sannan ya nuna min wata doguwar hanya ta cikin itatuwa wadda za ta mayar da mu ƙasa. Raina bai so ba, na biya kuɗi, na sha hawa, ga ƙololuwar nan ina gani. Muna zaune a kan wani kututture muna shan shayi daga fulas, sai ga wasu samari huɗu sun ɓullo daga saman wannan gangaren. Suka sauko ɗaya na bin ɗaya, dusa na tashi a bayansu kamar ƙura, suna ta ihun murna. Ba abin da ya motsa. Suka wuce ta gabanmu suka ɗaga mana hannu.

Na dubi dattijon, na ce, "Baba, ga shi sun sauka lafiya." Ya kurɓi shayinsa, ya ce ya gani. Ya rufe fulas, ya ce in tashi, rana na faɗuwa da wuri a wannan kwari.

Shugaba, na ga an miƙo min takarda cewa lokaci ya yi. Abokina na bakin ƙofa, in har yanzu yana nan, shi zan fara ba wa damar tambaya.